Ƙurajen da suka feso wa Hajiya a haƙarƙari ɓangare ɗaya, wai fitsarin gizo-gizo ne?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Hajiyarmu ce, shekararta 68, tun ranar Lahadi take kukan haƙarƙarinta na dama yana mata raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, mun duba fatar babu komai har muka ɗauka ulsa ce ta motsa muka ba ta maganin ulsa, to jiya Laraba da safe zan taimaka mata ta sa riga sai na ga wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso a jere, sun taso daga tsakiyar baya sun bi ta ƙarƙashin nono sun zo ƙirji, kuma abin mamaki daidai tsakiyar ƙirjin suka tsaya cak kamar an ja layi da rula, ɓangaren hagu ko ɗigo babu. Ko mayafi ne ya goga wajen sai ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ta ce fitsarin gizo-gizo ne, wai kuma in ya zagaye ya haɗe shikenan sai dai wani ba ita ba. Wlh jiya ban runtsa ba.

Anti Talatu: Subhanallahi, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ki samo maganin nan jibi (GV) ki shafa mata ya bushe.

Kawu Direba: Wannan ai hangara ce 'yata. In ta bi jikin mutum da daddare ya murje ta cikin barci haka wajen yake tashi ya yi ruwa, ni kaina ta taɓa yi min a wuya lokacin da muke kwana a tasha. Kwana biyar ya warke.

Sista Nas: Kawu da girmanka amma ba hangara ba ce. Hangara sai ta taɓa fata sannan zafi ya biyo baya, ita kuwa Hajiya kwana uku tana jin zafi tun fatar na nan sumul. Maman Walid kar ki shafa komai, yau ɗin nan ku kai ta asibiti, kar ku ce sai an ga yadda ta kwana. Yadda kika siffanta ɗin nan ya yi kama sosai da abin da muke kira hafis zosta, kuma maganinsa ya fi aiki in an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Tunda jiya da safe kika gani, lissafa ki gani, zuwa Asabar da safe lokacin ya cika.

Sarkin Musu: Hafis kuma? Ba dai Hafizu ɗan gidan Anti Talatu ba

Anti Talatu: Kai dai ba ka da kunya, ana maganar rashin lafiya.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu likitoci zona suke ce masa. Kakata ta yi shi a baya, ƙurajen sun warke cikin sati ukku amma ta fi wata shidda tana kukan wurin.

Baaba Zongo: A Kumasi ma ananse ake kiransa, gizo-gizo kenan da yaren Tiwi, kuma mu ma haka muka taso muna ji, in ya haɗu da ɗan uwansa mutum ya tafi. Ashe zancen har can.

Likitan Unguwa: Wa alaikumus salam. Maman Walid ki bi maganar Sista, ku tashi ku tafi, sauran bayanin kya karanta a layin ganin likita. Ba zan iya yanke hukunci ta waya ba amma abubuwa uku da kika faɗa, zafi kafin ƙuraje, ɓangare ɗaya, da tsayawa a tsakiyar ƙirji, duk suna nuna waje ɗaya. Bari in yi wa sauran bayani don kusan duk wanda ke grup ɗin nan yana ɗauke da abin bai sani ba.

Wannan ciwon ƙarambau ne ya dawo. Eh ƙarambau ɗin da muka yi muna yara aka shafe mu da kalamin muka yi fari fat. Bairos ɗin da ke kawo shi ba ya barin jiki bayan an warke. Matsalar ita ce da Hausa jijiya ɗaya muke cewa, ta jini jijiya, ta agara jijiya, to wadda nake nufi ita ce jijiyar saƙo, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa. Waɗannan jijiyoyin suna fitowa daga laka ta tsakanin ƙasusuwan baya, biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, jeri 31. A gindin kusan kowace, dab da ƙashin baya, akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, nan ne kawunan ƙwayoyin jijiyar suke cunkushe dubbai, su kuma wutsiyoyinsu dogaye su miƙa har fata. Ƙullin nan shi ake kira gangiliyon. Lokacin da yaro ke fama da ƙarambau bairos ɗin yana bin wutsiyar nan daga ƙurjin fata ya haura ciki, wani kuma ta jini yake isa, ya shige ƙullin ya lafe. Shekara 40, shekara 60, yana nan shiru. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni sai ya farka a ƙulli ɗaya, ya hayayyafa, ya ƙona jijiyar, shi ne zafin da Hajiya ta fara ji ba a ga komai ba, sannan ya gangaro ta hanyar da ya hau ya ɓullo a fata.

Malamar Bayoloji: Yadda nake faɗa wa ɗalibaina, ku ɗauki kowane ƙulli kamar taransifoma ce, kowace da layin da take ba wuta. In ta layinku ta kama da wuta gidajen layinku kaɗai ne za su shiga duhu, na tsallaken titi suna kallon bol abinsu. Jijiyar dama iyakarta tsakiyar ƙirji, daga nan yankin ta hagu ne, shi yasa Maman Walid ta ga kamar an ja layi.

Likitan Unguwa: Malama kin gama magana. Kuma nan ne zancen zagayewa ya rushe, ƙulli ɗaya ne ya tashi, ba shi da hanyar tsallakawa ɗaya ɓangaren. Akan samu wanda ya fito masa ɓangare biyu ko ya watsu a jiki amma ba kasafai ba, sai mai garkuwar da ta yi ƙasa sosai, kuma shi ma haɗarin daga raunin garkuwar yake ba daga haɗewar ƙuraje ba.

Abu Hanan: Likita ba musu nake ba amma fa kar mu manta akwai jifa akwai sammu. Mace tana zaune lafiya lau rana ɗaya abu ya fito mata a jere kamar an zana? Ku bokon nan komai sai ku ce bairos.

Sista Nas: Malam a yi addu'a a yi tofi babu wanda ya hana, amma a yi a cikin adaidaita ana tafiya asibiti.

Sarkin Musu: To ni tambayata, wa ya taɓa ganin bairos ɗin yana barci a cikin ƙullin? Ko dai hasashe ne kawai aka rubuta a littafi kuke haddacewa. Shekara 60 abu yana kwance bai ci ba bai sha ba?

Likitan Unguwa: Tambayarka mai kyau ce yau dai. Ba rana ɗaya aka gano ba. A 1888 wani likitan yara a ƙasar Hangari mai suna Bokay ya lura yara suna kamuwa da ƙarambau bayan sun zauna da babba mai irin ƙurajen Hajiya. A 1900 wasu likitoci biyu a Ingila, Henry Head da Campbell, suka riƙa zana inda ƙurajen suka fito a jikin marasa lafiya, waɗanda suka rasu daga baya aka buɗe aka duba sai a tarar ƙullin da ke daidai wannan yankin ne ya kumbura ko ya yi tabo, da haka suka fitar da taswirar wace jijiya ke riƙe da wane yanki na fata. Cikin shekarun 1950 Thomas Weller a Amurka ya raini bairos ɗin a ɗakin gwaji daga ruwan ƙarambau da ruwan zosta ya nuna abu ɗaya ne. Wanda ya fi burge ni kuwa wani likitan ƙaramin gari ne a Ingila, Hope-Simpson, a garin Sairensesta, ba shi da wasu manyan na'urori, shekara 16 yana rubuta duk wanda ya zo masa da ciwon har mutum 192, a 1965 ya fito ya ce bairos ɗin a ƙullin jijiya yake ɓuya kuma garkuwa ce ke danne shi har tsufa ya sassauta ta. Daga baya da aka samu na'urar gano ƙwayar halitta aka je aka samu ta bairos ɗin a cikin ƙullin kamar yadda ya faɗa.

Batun bai ci ba bai sha ba kuma, ai ba dabba ba ce. Abin da ke kwance a ciki ɗan zaren bayanin halittarsa ne kawai, ya naɗe kamar zobe a cikin cibiyar ƙwayar jijiyar, ba ya ƙera komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kuma ya iya zaɓen maɓoya, don ƙwayar fata kullum zubewa take ana sabuwa, ita kuwa ƙwayar jijiya da ita aka haife ka da ita za ka tsufa, jiki ba ya son kashe ta tunda babu madadi, sai dai sojojin garkuwa su yi ta gadi.

Sarkin Musu: Toh na ji. Amma ban sallama duka ba.

Ɗan Kemis: Acyclovir ne maganin, haka ake rubutawa a kwali, akwai kuma valacyclovir ya fi sauƙin sha amma ya fi tsada. Abin da ke ba ni haushi mutum zai zo ya ce a ba shi antibayotik ko man shafawa mai haɗi uku, ka ce masa ba zai yi ba ya tafi shagon gaba.

Sista Nas: Kai ma Ɗan Kemis kar ka ba da kanka. Mai shekara 68 sai an san lafiyar ƙodarta kafin a tsara mata adadin da za ta sha.

Ummu Khairat: Likita to in ta sha maganin zai kashe shi gaba ɗaya ya fita daga jikin?

Likitan Unguwa: A'a. Maganin nan dabara ce a cikinsa, shi kansa ba ya aiki sai wani sinadari da bairos ɗin ke ƙerawa lokacin da yake hayayyafa ya kunna shi, sannan ya toshe masa hanyar kwafar kansa. Wanda ke barci a ƙulli ba ya ƙera sinadarin, don haka magani zai wuce ta gabansa bai gan shi ba. Shi yasa ake gaggawa, ana so a tare shi yana tsakiyar aiki kafin ya gama cin jijiyar. Gertrude Elion, wadda ɗakin bincikenta ya yi aikin maganin, ta samu kyautar Nobel a 1988.

Gaskiya Ɗaci: Ni fa a faɗi gaskiya, abin da na sani duk wanda wannan ƙurajen suka fito wa ƙanjamau ne da shi, a je a yi gwaji kawai a daina kwana-kwana.

Maman Walid: Innalillahi. Mahaifiyar tawa kake faɗa wa haka? Ina cikin adaidaita ina karantawa hannuna har rawa yake. Allah ya isa.

Anti Talatu: Wlh ba ka kyauta ba, wannan ai rashin tarbiyya ne. Admin ina kake?

Admin: Gaskiya Ɗaci ka goge ka ba ta haƙuri ko in cire ka. Ba yau ka fara ba.

Likitan Unguwa: Ku tsaya in raba muku, don rabin gaskiya ya faɗa kuma rabin gaskiya ta fi ƙarya ɓarna. Babban abin da ke tada ciwon nan shekaru ne, daga 50 zuwa sama. A Amurka lissafin hukumarsu mutum 1 cikin 3 zai yi shi a rayuwarsa, za ka ce duk ƙanjamau ne da su? Sai ciwon suga, da maganin daji, da doguwar jinya, da magungunan da ke danne garkuwa, har da ƙwayoyin ƙiba ɗin nan da 'yan mata ke sha da ake ce wa sha ka fashe, da yawansu sitiroyid ne a ciki. Inda maganarsa ke da ƙamshin gaskiya shi ne in ya fito wa matashi ɗan 25 ko 30, ko ya kama yanki fiye da ɗaya, ko yana dawowa, to lallai muna ba da shawarar gwajin ƙanjamau, kuma wannan ba zagi ba ne, gwaji ne kamar na suga. Amma dattijuwa mai 68 shekarunta kaɗai sun isa dalili.

Gaskiya Ɗaci: Na goge. Maman Walid ki yi haƙuri, abin da na ji ana faɗa ne.

Ummu Khairat: Ni kuma nawa daban ne, duk sanda na yi maleriya sai ƙuraje sun fito min a gefen leɓe, kullum waje ɗaya, gefen hagu na sama. Mama takan ce zazzaɓin ne ya fita. Makilin nake shafawa. Shi ma ƙarambau ɗin ne?

Malamar Bayoloji: Ɗan uwansa ne ba shi ba. Wannan hafis simfiles na 1 ne, yawanci tun ana yara ake ɗauka ta yawu, sumbata ko cokali ɗaya. Shi maɓoyarsa wani babban ƙulli ne a cikin ƙoƙon kai ta wajen gaban kunne, mai reshe uku, ɗaya ya yi goshi da ido, ɗaya kumatu da leɓen sama, ɗaya haɓa da leɓen ƙasa. Zazzaɓi ko zafin rana ko al'ada ko gajiya su tashe shi ya biyo reshen da ya saba, shi yasa kullum waje ɗaya. Ba ki lura kafin ya fito kina jin wajen yana tsikari ko ƙaiƙayi ba? To yana kan hanya kenan. Kuma kar ki ji komai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, kashi 64 cikin 100, akasari ma ba su taɓa ganin ƙurji ba.

Ummu Khairat: Wlh haka ne, kwana ɗaya kafin nan sai in ji kamar tururuwa na tafiya a wajen. Ikon Allah.

Sista Nas: Ki bar makilin ɗin yana ƙara ƙona wajen ne. Abin da na fi so mata su ji shi ne, in kina da wannan ƙurjin a baki kar ki sumbaci jariri. Ranar suna kowa ya karɓi yaro ya manna masa baki a kumatu, jaririn sati ɗaya garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba, abin da ke zame miki ɗan ƙurji shi yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko hanta. Maijego kar ki ji kunyar hanawa ko da uwar miji ce.

Anti Talatu: Uwar miji fa kika ce Sista. Ke za ki zo ki raba rigimar?

Wata 'Yar Uwa: Admin ya turo min ba suna don Allah. Wanda ke fitowa a gaba fa, yana warkewa yana dawowa, na sha maganin sanyi har na gaji.

Likitan Unguwa: 'Yar uwa ba duk abin da ake kira sanyi ne sanyi ba. In ƙuraje ne masu ruwa da ke fashewa su zama gyambo mai zafi su warke su dawo waje ɗaya, zai iya zama hafis simfiles na 2, wani lokacin ma na 1 ɗin. Shi a ƙullin ƙasan ƙashin baya wajen ƙugu yake zama, shi yasa wasu ke jin tsami a cinya ko ɗuwawu kafin ya fito. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya masu ɗauke da na 2 ɗin mutum miliyan 520 ne tsakanin shekara 15 zuwa 49. Ki je a duba lokacin da ƙurjin yake ɗanye, akwai maganin da ke rage yawan dawowarsa sosai, kuma in kina da ciki ki faɗa a wajen awo tun da wuri. Kar kuma ki ɗora wa kowa laifi da ka, mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, tun kafin aure ma.

Kawu Direba: To Likita na janye hangarata. Amma wani abokin aikinmu bakinsa ya karkace dare ɗaya, ido ɗaya ba ya rufuwa, ga ƙuraje a cikin kunne, aka ce aljani ne ya mare shi a hanyar dare.

Likitan Unguwa: Kawu in dai da ƙuraje a kunne to wataƙila bairos ɗin ƙarambau ne ya tashi a ƙullin jijiyar da ke motsa fuska, can cikin ƙashin kunne. Wani likita Ramsay Hunt ya siffanta shi tun 1907, sunansa ma ciwon yake ɗauke da shi. Wannan da wanda ya fito a goshi ko kan karan hanci ba a kwana da su a gida, na hancin alama ce ido na cikin haɗari don reshe ɗaya suke.

Ɗan Maraɗi: Zafin da kakata ta yi ta ji bayan ƙurajen sun warke fa, mi ya kawo shi?

Malamar Bayoloji: Wayar ce ta sale. Fata ta warke amma jijiyar da aka ƙona tana ta aika saƙon zafi ba gaira ba dalili, iska ma ta kaɗa sai ta ce wuta ce. Kamar mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi ciwon suke samun haka, tsofaffi sun fi. Farasitamol ba ya yi masa wani abin kirki, magungunan jijiya ake bayarwa kuma sai da takardar likita.

Sarkin Musu: Rigakafi fa? Ko shi ma sai a Turai.

Likitan Unguwa: Na ƙarambau wani Bajafane Michiaki Takahashi ya haɗa shi a 1974, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995, amma ba ya cikin jerin rigakafin yara na kyauta a Najeriya. Na zosta kuma akwai Shingrix tun 2017, allura biyu, ga 'yan 50 zuwa sama, kariyarsa ta haura kashi 90. Tsada ce matsalar da kuma samuwa.

Maman Walid: Alhamdulillah mun fito. Likitan yana ɗaga rigar ya ce shi ne, ya ce gara da muka zo yau. An ɗebi jini za a duba suga da ƙoda, an rubuta mata ƙwaya sau biyar a rana har kwana bakwai da wani na zafi na dare, ya ce ta sha ruwa sosai a rufe wajen da ƙyalle mai tsabta mara nauyi. Hajiya sai tambaya take wai yaushe ta yi ƙarambau ita ba ta tuna ba. Ngd sosai Sista da Likita Allah ya saka da alheri. Gaskiya Ɗaci na haƙura. Saura tambaya ɗaya, ƙanwata tana da ciki wata bakwai kuma ɗaki ɗaya suke kwana da Hajiya, ga Walid shi ma bai taɓa yin ƙarambau ba kullum yana jikinta.

Sista Nas: Ba za su ɗauki zosta ba amma ruwan ƙurajen zai iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau. Walid ya bar hawa jikinta har sai ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, kamar kwana 7 zuwa 10, ke kuma ki riƙa wanke hannu in kin gyara mata. Ƙanwar taki ta koma wani ɗakin yau, ku tambayi manya ko ta yi ƙarambau tana yarinya, in ba a tabbatar ba gobe da safe ta je wajen awo ta faɗa musu kar ta jira ranar da aka ba ta.

Maman Walid: Toh bari in kira Yaya Babba, ita ce ta raine ta za ta sani.